Abin da Tawada Ta Saki

Talata, ashirin da huɗu ga Satumba, goma da kwata na safe, sati biyu cif da shigowar ruwa unguwar Fezzan — Malam Simon yana durƙushe a tsakar gida, yana raba shafukan littafin lissafinsa da bakin wuƙa... na arba'in da ɗaya. Babu komai. Shuɗi-shuɗi kawai, kamar farar riga da aka sa wa bula.

Ƙarfe sha biyu Mu'mina za ta zo. Ɗalibarsa ta ƙarshe kafin ya bar koyar da fiziks. Jibi za ta tafi ƙaro karatu, kuma ya yi mata alkawarin littattafan nan shida. Lissafin shekara talatin da ɗaya. Me zai miƙa mata?

Tambaya ɗaya ce tal. Cibiyar ƙwayar zarra, irin mai nauyin nan, furoton da nutiron fiye da ɗari da hamsin a cunkushe — ba ƙwallo ba ce, ta miƙe kamar ƙwai, tana juyawa. Dukansu tare. Wa ya ce musu su juya tare? Ka lissafa ta a matsayin dutse, amsa ta yi yawa. A matsayin ɗigon ruwa, ta yi kaɗan. Abin da aka auna yana tsakani... a tsakanin nan ya tsufa.

Ruwa. Haka mutane suka bi titi ran nan, katifu a ka, ba mai ba da umarni, unguwa guda tana karkata gefe ɗaya — shi kuwa yana tsaye, ruwa iya ƙugu, yana kallo. Ketura, matarsa, ta fizgi hannunsa: "Malam, sai mun nutse za ka gama lissafin?"

Arba'in da biyu. Shuɗi.

Tun yana yaro a makarantar mishan, malama Baturiya da rula a hannu. Gwaji da fensir, mai tsabta da tawada, sannan a yage gwajin. Ba a ajiye kuskure. Ya bi. Shekara sittin yana bi. Duk Asabar ya kwafe da alƙalamin tawada, takardun fensir su shiga murhun Ketura. Biro? Biro na masu gaggawa ne... da biro ne, da bai wanku ba.

Sai gefen shafi. Nan ne fensir ya tsira, ƙanana-ƙanana, abubuwan da bai taɓa yarda su cancanci tawada ba. Ba daidai ba. Sake duba. Me ya sa rabin na dutse? Wa ke juyawa, wa ke zaune? Amsoshi sun bi ruwa, shakku ya zauna daram.

Sallama a ƙofa, muryar Mu'mina, da gaisuwar Kanuri. Har sha biyu ta yi?

"Wushe, Baba. Ya muka ji da ruwa?"

Ya miƙa mata littafi na farko. Tana karkata shafin wajen rana, leɓɓanta na motsi, yatsanta na bin gefe. Ta buɗe na biyu, na uku.

"Duka zan tafi da su. Kada ka goge ko ɗaya, Baba."

Tausayi ne? Ko ta ga wani abu? Ba zai tambaya ba. Daga inda yake durƙushe ya bi ta da kallo har ƙofa... ashe abin da ya yi ta ƙonawa duk Asabar, shi ne abin ajiyewa —

Waɗanda suka rage a gidan: Ketura, tana kankare laka daga tukunya; maƙwabcinsu Babakura da iyalinsa, a ɗakin da bai faɗi ba; shi; da kwalbar tawada, a rufe gam, ko ɗigon ruwa bai shige ta ba.