Katantanwar Mai Fanka

Mijina a gyaran fanka ya ƙare ƙarfinsa, shi ya sa duk abin da ke juyawa a duniyar nan yake ganin ɗan gidansu ne. Ko ludayi nake juyawa a tukunya sai ya leƙo ya ce hannuna ya karkace. Mai Fanka ake kiransa a layinmu. Ni Malam nake ce masa, in raina ya ɓaci kuma in ce "bawan Allah", kuma kusan kullum da bawan Allahn muke wuni.

Shagonsa ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu ne. Fukafukan fanka rataye a bango, gwangwanayen madara cike da noti da ƙusoshi, jar waya a nannaɗe, ga warin man inji da ya kama labulena har yau. Bara ya daina karɓar aiki, wai fankokin zamani duk roba ne, ba su cancanci hannunsa ba. Fakewa dai yake yi. Hannun ne ya soma rawa. Ni da nake kai masa shayi na sani, don rabin kofin a faranti yake ƙarewa. Bai taɓa ambata ba, ni ma na ja bakina na tsuke, abin da ba halina ba ne.

Ana nan aka yi wa ɗanmu canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan gaske, shi da matarsa suka kawo mana 'yarsu ta zauna kafin su gama haɗa kaya. Aku muke ce mata, don in ta buɗe baki da safe sai barci ke rufe shi. Ita ce ta tono wani dunƙulen katako a ƙasan teburin shagon.

"Baba Tsoho, mene ne wannan mai kama da albasa da ƙusa a gindi?"

Fuskar Malam ta washe. "Katantanwa ce, ta katako. Zare ake naɗa mata a wurga. Ni nan da kike gani, in na wurga ta barci take yi."

"Katako yana barci?"

"In juyi ya kai juyi sai ki gan ta tsaye cak, kamar ba ta motsi. Shi muke kira barci. Nakan wurga ta a aike ni kasuwa, in dawo in tarar ba ta farka ba."

Na ce daga ƙofa, "Allah ya shirye ka, bawan Allah."

Aku ta miƙa masa. "To wurga in gani."

Ya dubi katantanwar, ya dubi hannunsa, ya tura hannun cikin aljihu. "Tana buƙatar gyara. Amma na yi miki alkawari, ba za ku tafi ba sai kin ga barcinta."

Daga ranar ya rufe kansa a shago. Ina ji daga ɗakin girki: shiru, sai ƙwal, katako ya faɗi, sai tsaki. Naɗa zaren nan yatsu masu natsuwa yake so, layi bisa layi daga ƙusa zuwa ciki, nasa kuwa kafin ya kai rabi zaren ya warware. Da abin ya ishe shi sai ya fito ya tsaya mini a ka ina wanke-wanke.

"Hajiya, na yi nazari. Wurgi da hannu tsohon yayi ne. Abin da ke juyawa ƙarfi kawai yake nema, bai damu da inda ƙarfin ya fito ba."

"To sai me?"

"Ara mini kujerar nan."

Robar tayar keke ya ɗaure tsakanin ƙafafun kujerata, ya murɗe ta tamau da katantanwar a tsakiya, ya saki. Katantanwa ba ta je ko'ina ba, kujerar ce ta yi tsalle ta buge shi a ƙwauri. Ya wuni yana ɗingishi yana cewa sanyi ne. Kashegari na tashi na ga agogon bangon falo a buɗe kamar an fede kaza, ya zare masa wannan ƙarfen da ake wanawa. Wai shi ke ajiye ƙarfi ya riƙa sakinsa a hankali. A hankalin kuwa ya sake shi, don katantanwar ta yi ta zagaye tana tangaɗi kamar mai jin barci a kan jaki, sannan ta kwanta.

Aku ta ce, "Wannan ne barcin?"

"Wannan suma ce. Barci daban."

Sai ya koma kan katantanwar kanta. Ya zaunar da mu ya yi mana karatu: nauyi a gefe ake son sa, ƙasa-ƙasa, ƙusa kuma ta zauna a tsakiya daidai, in ta goce ko da kaurin gashi ne an gama. Haka yake yi wa fanka mai girgiza, ya manna ɗan ƙarfe a fiffike ɗaya har ta nutsu. Ban ankara da inda karatun ya dosa ba sai da na nemi marfin ƙaramar tukunyata na rasa. Ya yanke bakinsa ya yi wa katantanwa ɗamara. Mazurarin da nake ɗura mai da shi ma ya bi sahu. Na yi faɗa har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana ba ni haƙuri, shi kuwa ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa.

Ranar tafiya ɗanmu ya zo da matarsa, mota cike da kaya har sama. Malam ya ce kowa ya shigo falo. A tsakiyar ɗakin ya kafa wata tsohuwar fanka mai tsayuwa, ya cire mata fukafukai, ya sunkuyar da kanta ƙasa, ga mazurarina a bakin injin yana riƙe da kan katantanwa. Dabarar ita ce inji ya juya ta, ya ja wata 'yar igiya, ta sauka a kan farantin da ya ajiye a ƙasa ta yi barcinta.

Ɗanmu ya ce, "Baba, anya kuwa?"

"Kai, tun ba a haife ka ba nake wannan aiki. Matsa."

Malam ya lallaɓa bayan fankar, ya dawo ya danna lamba uku. Inji ya ɗauka, mazurari ya soma kuka, Aku tana tsalle. Sai kan fankar ya fara abin da aka halicce shi dominsa, wato waiwaye. Ya juya dama a hankali ya dubi surukata, ya juyo hagu ya dube ni. Malam ya ja igiya daidai lokacin da fankar ta dubi ɗanmu.

Ban taɓa sanin yaron nan yana da tsalle haka ba. Mutum da tumbinsa da takalmin ofis, sai ga shi tsaye a kan kujera. Katantanwa ta wuce ta ƙarƙashinsa tana gurnani, ta daki ƙafar tebur, ta dawo ta bi surukata, ita kuma ta yi waje tana salati da mayafi a hannu. Kyanwarmu ta haye labule. Daga nan abar ta shige ɗakin girki, muka ji kwanukana suna gaisawa ɗaya bayan ɗaya, sannan tsulum, ta faɗa bahon da na jiƙa wanki. Fankar kuwa tana nan tana waiwaye, kamar tana neman wanda ya rage.

Ɗanmu ya sauko yana haki yana dariya. "Haba Baba! Ai ba ka ja ɗan maɓallin bayan ba, mai hana ta juya kai. Kai da kake yi wa masu kawo gyara faɗa a kansa!"

Kowa ya yi dariya ban da ni. Na ga lokacin da Malam ya je bayan fankar. Bai manta ba. Ya kai hannu ya kama maɓallin, yatsun suka zame, ya sake kamawa suka zame, ya ga idanu a kansa sai ya bar shi.

Aku ta tsamo katantanwar ta goge da rigarta, ta ɓamɓare ɗamarar marfin tukunya ta yar. "Ni ba ta fanka nake so ba, Baba Tsoho. Ka ce da hannu kake yi."

Malam ya dubi katantanwar a hannunta. Sannan ya fito da hannun daga aljihu ya miƙa shi a gaban kowa, yana karkarwa.

"Kin gan shi nan. Shi ma ya zama fanka, kuma nasa maɓallin ya lalace."

Dariyar ɗanmu ta ɗauke. Ya sunkuyar da kai, don bai sani ba. Tausayin Malam ya kama ni, ni kuwa in tausayi ya kama ni faɗa nake yi.

"To bakin naka ma rawa yake? Wuni kake kana koya wa mutane abin da ba su tambaye ka ba. Ga mai tambaya nan, koya mata!"

Ya harare ni, amma ya zauna a ƙasa. "Kawo zaren. Fara daga ƙusa. Matse. A'a, kada layi ya hau layi. Ɗaura ƙarshen a yatsanki. In kin wurga kada ki bi ta, fizgo hannunki baya."

Wurgin farko ya sami ƙafata. Na gaba ya shige ƙarƙashin kujera. Surukata ta dubi agogon bango, ta ga ba shi da ciki, ta haƙura. Can Aku ta fizga, katantanwa ta dira a siminti, ta yi ɗan zagaye, ta tsaya cak. Wani siririn sauti kawai ke fita daga gare ta. Aku ta buɗe baki, kuma karo na farko tun da aka haife ta ba abin da ya fito.

Malam ya manta da kansa. Ya kwantar da bayan hannunsa a ƙasa, ya ware yatsu biyu, ya zura, sai ga ta a tafin hannunsa. Ya ɗago a hankali. Hannun yana rawarsa kamar kullum, ita kuwa tana tsaye a kai kyam, ko gezau. Ya zuba mata ido kamar yau ya fara ganinta.

Ɗanmu ya matso ya ce a hankali, "Mama, hanya da nisa fa."

Na share idona da gefen zane na daka masa tsawa, "Babu inda za ku sai ta farka!"

Malam bai ɗago kai ba. Ya ce, "Hajiya, rage murya. Barci take."