Sallamar Ɗalha

Duk garin Ɗanzomo babu wanda ya ga abin da na gani kuma ya tashi da ƙafarsa sai ni, Ubale. Tarin fuka ne ya kama ni a shekarar korona, mai taurin kan nan da ba ya jin maganin farko. 'Ya'yana suka ware min ɗaki a bayan rumbu, kwanona daban, butata daban. A ajiye fura a bakin ƙofa, a juya.

Ina wata na uku da fara shan ƙwayoyi na ji sallama da tsakar rana. Muryar Ɗalha ce, abokina da muke kai shanu kasuwar Maigatari. Da hannuna na sa shi a kabari bara waccan. To amma Musulmi ya yi maka sallama ka ƙi amsawa? Na amsa, na shimfiɗa masa buzu, na raba furata biyu.

Kullum sai ya zo. Ban taɓa ganinsa ba, sai dai in ji muryarsa. Yakan ce, "Ubale, bar haɗiyar abin nan ka taho, wajenmu ba a tari." Yana faɗa yana tari. Kwana shida ina cusa ƙwayoyin a tsagar bango.

Nana Firdausi, ma'aikaciyar lafiyar da ke kawo min magani, ta tsaya daga ƙofa da takunkuminta.

"Baba, baƙo ka yi? Na ga kwano biyu."

"Ke dai miƙo min maganina, 'yar nan."

"Wa ke shan ɗayan?"

Wata uku ba a tambaye ni komai ba sai tari. Na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta kira likitan ƙwaƙwalwa a waya, na ce masa ni ba mahaukaci ba ne. Ya ce ya sani, ɗaya daga cikin ƙwayoyin ce da zaman kaɗaici suke sa ni jin muryar. Aka canza ta. Duk Talata ya kira mu yi hira, 'ya'yana kuma aka ce su riƙa zama daga nesa muna taɗi.

Zuwan Ɗalha na ƙarshe, sallama uku ya yi. Ƙwaya tana tafina, amsa tana bakina. Na kora ƙwayar da ruwa, na yi shiru. Ya daɗe a tsaye kafin na ji takunsa ya yi gabas.

Shekara ɗaya da rabi na sha maganin nan, ban ƙara tsallake ko kwana ɗaya ba.