Katifar Malam Bello

Hasana tana bugun katifa da muciya a tsakar gida, don mijinta Malam Bello ya dawo daga asibiti ya tarar da ita fes, sai ga ƙanensa Inuwa ya shigo ba sallama. Rediyon maƙwabta yana ta shelar sojoji sun miƙa mulki. Takalman Malam Bello ta gani a hannunsa, ta ajiye muciyar.

"Yaya Hasana, sai haƙuri. Da asuba ya cika."

Tun damunar bara ƙaiƙayi ya soma damun Malam Bello. Da rana lafiya lau yake ɗinki a shagonsa na Gyaɗi-Gyaɗi, amma da ya kwanta sai susa, har zanin gado ya yi ɗigo-ɗigon jini. Hasana ta ce kuɗin cizo ne. Ta kwarara wa gadon tafasasshen ruwa, ta yayyafa fiya-fiya, kullum katifa tana rana. Ko ƙwaro ɗaya ba ta taɓa gani ba. Ta dafa masa ganyen darbejiya na wanka, ta shafa masa man kaɗanya, ta yanke masa farce har tsoka.

"Kada kowa ya ji," ta roƙe shi. "Gidan haya ne. Za a ce ni ƙazama ce."

"To, sarauniyar tsabta," ya ce da dariya, yana goga bayansa a bango. "Bango dai ba ya gulma."

Naomi, malamar asibiti da ke ɗakin bakin zaure, ta taɓa tsokanarta.

"Maman Saratu, me katifar nan ta yi miki, kullum duka?"

"Iska take sha."

Sai bayan babbar salla Naomi ta yi kiciɓis da shi a zaure yana susa, ta ga idanunsa. Ta faɗo ɗakin Hasana ko takalmi ba ta cire ba.

"Ƙaiƙayi ba ƙurji, ido kamar ƙwaiduwa? Wannan daga ciki ne, hanta ce! Tun yaushe?"

Hasana ta faɗa mata. Naomi ta fita neman tasi.

Takaba ta ƙare tuntuni. Har yau, da rana ta fito, Hasana takan jawo katifar waje. Ta daina bugunta. Durƙusawa take yi, tana bin ɗinkin gefe da yatsa a hankali, ko Allah zai sa ta samu ko da ƙwaro guda ɗaya.