Lambar Kunnen Tunkiya

Magatakardan kotu ya juya takardar Dorina Olaru sau biyu, sannan ya dubo ta ta saman tabarau.

"Iya, ina sunan wanda kike ƙara? Kin rubuta 'mai tumaki'. A ƙauyenku har limamin coci mai tumaki ne."

"To a haɗa da shi," in ji Dorina.

Ba wasa ya kawo ta ba. Ranar da garken ƙauye ya sauko daga dutse a ƙarshen kaka, tana asibiti. Da ta dawo ta tarar an kwantar da shinge, tumaki sun gwaguye ɓawon itatuwan tuffa arba'in da marigayi mijinta Sorin ya dasa shekarar da zai rasu. Ta tambayi gida gida, amma kowa ya zama makaho, don kowa yana da dabba a garken. Abin ya ƙona mata rai fiye da itatuwan.

Ba ta ɗauki lauya ba. Yayanta Traian, wanda ya kawo ta gari a motarsa, tun daga gida yake yi mata wa'azi.

"Dorina, ki bar zancen nan. Tunkiya za ki gurfanar? Dariya za a yi mana."

"Ai ban ce ka shigo ba, Yaya. Ka jira a mota."

Da aka shigar da ita gaban alƙaliya, alƙaliyar ta faɗa mata gaskiya: in ba ta kawo sunan mai tumakin cikin kwana talatin ba, za a kori ƙarar. Sai Dorina ta kwance bakin ɗankwalinta, ta ajiye wata ƴar roba ruwan ɗorawa a kan tebur. Lambar kunne ce, irin da ake maƙala wa kowace tunkiya, ta tsince ta a jikin wayar shinge da sauran gashi.

"Ranki ya daɗe, ofishin likitan dabbobi sun san mai lambar nan. Sun ce ni ba za su gaya mini ba sai da umarnin kotu. To ga ni, ga kotu."

Alƙaliya ta danne murmushi, ta sa hannu a takardar umarni.

Bayan mako biyu amsa ta iso. Ranar Dorina a bas ta zo, don Traian ya ce motarsa ta lalace. Magatakarda ya buɗe ambulan, ya karanta, ya sake karantawa, sai ya yi ƙasa da murya.

"Iya, lambar ta Traian Moga ce. Ba shi ne yayanki ba? Kina iya janyewa, ba wanda zai ji."

Dorina ta nemi benci ta zauna. Ta tuna Traian ne ya riƙe wa Sorin itacen farko yana zuba ƙasa. Ta tuna har miya ya sha a ɗakinta a makon da ta dawo daga asibiti, yana taya ta tsine wa mai tumakin.

Ta miƙe ta jawo takardar ƙararta, ta soke "mai tumaki" da layi ɗaya.

"Ba ni biro mai kyau, ɗana, wannan ba ya kamawa. Ina so in an kai masa sammaci ya gane rubutuna."