Ranar da Dobri Ya Fita Kallon Ƙwallo

Rékia ta tarar da ƙofar gidan a buɗe. Ta tura ta da ƙafa, domin hannunta ɗaya na riƙe da burodi, ɗayan kuma da ledar magunguna.

"Monsieur Dobri?"

Babu amsa. Ta duba ɗakin kwana, ta duba banɗaki, ta leƙa baranda. Kofin shayinsa na kan tebur da sauran ɗumi. Kwat ɗinsa ba ya kan ƙusa, haka ma shuɗin mayafin wuyan nan da yake kwana da shi. Takalman fitarsa kuwa suna nan a bakin ƙofa. Da silifas ya fita ke nan.

Ta ajiye burodin a inda ba ta sani ba, ta sauka matakala da gudu.

Wata tara ke nan Rékia tana zuwa gidan nan na Bron, a gefen birnin Lyon, kwana shida a mako, daga Rillieux-la-Pape inda take zaune da mijinta. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu: wanka, abinci, magani, da hira idan lokaci ya samu. Dobri mutumin Bulgariya ne, shekararsa tamanin da biyu. Ya zo Faransa bayan faɗuwar mulkin gurguzu a ƙasarsu, ya yi kanikancin manyan motoci har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta rasu, ɗansa guda, Rumen, yana Paris. Yanzu mantuwa ta kama shi. Yakan saka cokali a cikin firji, yakan kira Rékia da sunan ƙanwarsa, wani lokaci faransancin ma ya gudu ya bar shi da yarensu.

Abu ɗaya bai manta ba, ƙungiyar ƙwallonsa ta Levski ta birnin Sofia. Rékia, wadda ko a garinsu Damagaram ba ta taɓa tsayawa kallon ƙwallo ba, ta haddace tarihinta ba da son ranta ba, don kullum tana yanke masa farce yana ba ta labari. 'Yan makaranta ne suka kafa ta a 1914, shuɗi suke sakawa. Abokan gabarsu CSKA ne, masu jan kaya, ƙungiyar soja, waɗanda aka kafa a 1948.

"Sau uku gwamnati ta canza mana suna," yakan ce, yana ɗaga yatsun da take so ta yanke. "Dinamo. Levski-Spartak. Vitosha. Mu kuwa a fili sunanmu na gaskiya muke kira. Me za su yi mana? Su kama mutum dubu arba'in?"

Wannan makon gaba ɗaya bai zauna ba. Ya ji a rediyon ƙasarsu cewa ranar Asabar shuɗi da ja za su haɗu. Tun Talata yake kai-kawo tsakanin taga da ƙofa, yana lalube aljihu yana neman tikiti. Jiya da za ta tafi sai da ya riƙe hannunta ya ce, "Gobe ki zo da wuri, hanya za ta cika." Ta ce masa to. Ga shi yau bas ɗinta ya makara da minti ashirin.

Ta tambayi mai gidan burodi, bai gan shi ba. Matar farmasi ma haka. Ta tsaya a tashar tiram, jirgin cikin gari, tana duba fuskokin mutane ta gilashi, jirgi biyu suka wuce. Ta kira ofishinsu, suka ce ta sanar da 'yan sanda. Ta kira 'yan sanda, wata mata ta ɗauki kamanninsa, ta ce za a sanar da masu sintiri, ta kuma tambaya ko an gaya wa iyalinsa.

Rékia ta kira Rumen sau huɗu. Wayar a kashe.

Ta san dalilin da kiransa ke da wuya. Rumen ja ne. Kawunsa, hafsan soja, shi ya fara kai shi kallo yana shekara bakwai, ya dawo gida da jar hula, uban bai taɓa yafe wa surukin nan ba. A wasan ƙarshe na kofin ƙasa na 1985, wanda ya rikiɗe ya zama dambe har hukuma ta rushe ƙungiyoyin biyu ta sake musu suna, uba da ɗa suna cikin filin, kowa a ɓangarensa. Dobri ya ce wata guda ba su ci abinci a tebur ɗaya ba. Daga baya abin ya zama hanyar zumuncinsu: duk ranar da aka kara, wanda ƙungiyarsa ta ci shi zai kira ya yi tsiya. Ko da wata ƙungiya daga ƙaramin garin Razgrad ta zo ta riƙa kwashe kofin shekara bayan shekara ta bar su duka biyu da hamma, kiran bai tsaya ba. Sai bara. Rumen ya kira yana dariya, uban ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye shi cikin ladabi wa ke magana. Tun daga nan Rumen saƙo kawai yake turo wa Rékia: ya ci abinci? ya sha magani?

Ta tuna katin shagonsa da ke manne a jikin firji. Shagon tabarau ne, kusa da tashar Stalingrad. Ta kira yayanta Hassoumi, wanda ke lodin kaya a manyan shagunan sari na Aubervilliers, a gefen Paris.

"Yaya, ina kwana, ya aiki, don Allah saurare ni."

"Lafiya lau. Ke wace irin gaisuwa ce wannan? Me ya faru?"

"Tsohon da nake kula da shi ya ɓace. Ɗansa ba ya ɗaukar waya. Shagonsa yana kan layin jirginku, layi na bakwai. Ka je ka same shi."

"Yanzu? Kamiyo cike da kaya na tsaye a gabana, Rékia, ba mu ko kai rabi ba."

"Da silifas ya fita, Yaya. Ka ga sanyin da ake yi."

Ta ji yana huci, ta ji ya yi wa wani magana da faransanci. Sai ya ce, "Turo mini adireshin."

Ta ci gaba da tafiya. Ta bi babban titin da tiram ke bi har wajen ma'aikatar gari, ta dawo ta ɗayan gefen. Ta shiga gidan shan kofi biyu. A na biyun wani dattijo ya ce ya ga mai shuɗin mayafi, amma da ta matsa masa sai ya ce wataƙila jiya ne. Duk wanda ta hango daga nesa da farin gashi sai ta ƙara sauri, ta iso ta ga ba shi ba ne. Ta kira mijinta Salifou, yana tsakiyar aiki, ya ce ta tsaya wuri ɗaya ta yi tunani. Ta kasa tsayawa. Ta koma gidan ko ya dawo, ta hau hawa uku, babu kowa, ta sake saukowa.

Ƙarfe sha ɗaya saura wayarta ta yi ƙara. Lambar Hassoumi ce, amma muryar ba tasa ba ce.

"Madame Rékia, Rumen ne. Ga ɗan'uwanki a gabana. Wayata tana cikin aljihun kwat, ranar Asabar ba na..." Ya tsaya. "Tun yaushe?"

"Kafin tara. Na duba ko'ina. Ya ɗauki mayafinsa. Tun Talata yake neman tikiti."



"Yau ne wasan," in ji Rumen. "Na sani sarai. Na tashi da shi a raina." Ta ji ƙarar makullai, ta ji yana ce wa wani ya kula da shago. "Ki saurara. A Sofia filin yana cikin lambun shaƙatawa ne. Ba ma hawa mota. A ƙasa muke tafiya ta cikin itatuwa, shi a gaba ni a baya. Akwai babban lambu kusa da ku?"

"Parilly."

"Can za ki same shi. Ki bi inda kika ji ana busa usur. Ni na nufi tashar Gare de Lyon, jirgin farko zan hau."

Parilly ba ƙaramin wuri ba ne. Rékia ta shiga ta ƙofar da ta fi kusa, ta bi hanyar da masu gudu ke bi, tana tsayawa tana kasa kunne. Iska na kaɗa busassun ganye. Filin farko yara mata ne ke atisaye, babu shi. Na biyu babu kowa. Ƙafarta ta fara zafi a cikin takalmin aiki. Ta tambayi wata mata mai kare, matar ta nuna mata can gaba bayan itatuwa. Kafin ta ga filin ta ji muryarsa. Da yarensu yake ihu, da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

Manya ne ke wasa, irin ma'aikatan da ke haɗuwa ranar hutu, wasu da tumbi. Ɓangare ɗaya sun sa riguna shuɗaye, ɗayan farare. Dobri yana tsaye a bakin layi, ya kama ƙarfen shinge da hannu biyu, silifas ɗinsa sun jiƙe sharkaf, ɗaya ma ya tsinke. Yana zagin alƙalin wasa, alƙalin kuma yana waiwayowa yana murmushi don bai san me ake ce masa ba.

Rékia ta ƙarasa wurinsa. Ta dafa shingen ita ma.

"Monsieur Dobri. Mu je gida."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ba a tashi ba."

"Ƙafarka ta yi sanyi."

"Ba a tashi ba, na ce." Da ta kama hannunsa ya fizge, ya ƙara ƙanƙame ƙarfen. Ta san wannan fuskar. In ta ja shi zai faɗi, ko ya kai mata duka ya yi kuka daga baya.

Ta cire mayafin kafaɗarta ta lulluɓa masa. Ta sanar da 'yan sanda an gan shi. Sannan ta kira Rumen, wanda yanzu ya kunna wayarsa, ana jin sanarwar tasha a bayansa.

"Na same shi. Lafiyarsa lau, amma ya ƙi tafiya. Ka yi masa magana."

"Ba zai gane ni ba."

"To kar ya gane ka. Ka yi magana dai."

Ta kara wayar a kunnen tsohon. Ba ta ji abin da Rumen ya faɗa ba, ko da ta ji ma ba ta san yaren ba. Ta dai ga girar Dobri ta haɗe, ya saki shinge da hannu ɗaya, ya karɓe wayar da kansa. Ya yi wata dariyar raini, ya fara zuba magana yana nuna iska da yatsa. Minti biyar suna yi. Da ya miƙo mata wayar idonsa na ƙyalli.

"Wai uku za su ci mu," ya ce da faransanci. "Uku! Ƙarfe huɗu za a fara. Me muke yi a nan? Waɗannan ba su iya komai ba."

Ta samo tasi a bakin lambun. A gida ta jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi, ta shafa musu mai, ta ba shi miya. Lokacin tashinta ya wuce, ta kira gida na gaba ta ba da haƙuri, ofis suka tura wata.

Rumen ya iso wajen uku da rabi, dogon mutum mai sanƙo, ba jaka, ko rigar sanyi mai kauri bai ɗauko ba. Ya tsaya a bakin falo ya rasa yadda zai yi da hannuwansa. Uban ya dube shi, ya matsa gefe a kan kujera. Rumen ya zauna, ya jingina wayarsa da tulun sukari, ya nemo wasan.

Rékia ta tsaya a ƙofar kicin da niyyar tafiya, ba ta tafi ba. Ƙwallon ba ta yi daɗi ba, ko ita ta ga haka: faɗuwa, gardama, hayaƙi daga wajen 'yan kallo har aka tsayar da wasa na ɗan lokaci. Su biyun kuwa ba su rufe baki ba. Da aka tafi hutun rabin lokaci Rumen ya shiga banɗaki, sai Dobri ya yafito ta.

"Wannan jan," ya ce ƙasa-ƙasa, "wa ya bar shi ya shigo?"

"Ɗanka ne, Monsieur. Rumen."

Ya kalli ƙofar banɗakin. "Ya tsufa," ya ce. "Ki ba shi miya."

Aka tashi babu wanda ya ci. Rumen ya kwana biyu a Bron, ya ga likita, ya ga mutanen ofis. Bayan nan yakan zo duk mako biyu. Wata ran uban ya gane shi, wata ran ya ɗauke shi mai gyaran famfo. Da bazara ta shigo Dobri ya sake fita, aka tsince shi a tashar tiram, daga nan Rumen ya samo masa wuri a gidan kula da tsofaffi kusa da shi a Paris.

Rékia ce ta haɗa masa kaya, akwati biyu. Da aka zaunar da shi a mota ya ga ba ta shigo ba, ya buga gilashi, Rumen ya sauke.

"Ke fa?"

"Ina da wani gida ƙarfe sha ɗaya, Monsieur."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abu mai ma'ana. Motar ta tashi. Rékia ta miƙa wa mai gadin bene makullai, ta duba agogo, ta ga saura minti takwas, ta kama hanyar tasha da sauri.