Ƙafar Hagu

Auta tana zana wa kanta gashin baki da kwalli a gaban wani guntun madubi sai Doguwa, ƙawarta, ta leƙa ta hudar labule ta ce, "Ke, wancan ba babanki ba ne? Layi na uku, ƙarƙashin fanka."

Hannun Auta ya goce, gashin bakin ya haura har kunci. Ta ture Doguwa ta sa ido a hudar. Shi ne kuwa. Ya ɗosana a bakin kujera kamar mai jiran a ce ya tashi, sanye da farar rigar da ba ya taɓawa sai ranar da za a ɗauki hoto a ofis, hularsa a kan gwiwa. Takardar gayyatar iyaye ita da hannunta ta yayyaga ta zuba a kwandon shara tun makon jiya. Ta manta cewa wannan makarantar, da ta kasa gyara famfo guda a shekara uku, ba ta taɓa fashin aika wa iyaye saƙo ta waya ba.

Saura minti goma sha biyu a buɗe labule, kuma abin da Baba ya zo kallo shi kansa ne.

Wata uku ke nan da fara wannan masifa. Malamar wasan kwaikwayo, wadda 'yan aji suka sa wa suna Daga Farko saboda kalmar da ta fi kowace fita daga bakinta a wurin gwaji, ta ba su aikin gida. "Kowace ta sami mutum guda ta kalle shi mako ɗaya," in ji ta. "Ba ƙirƙira nake so ba. Ku kawo mini tafiyarsa, da zamansa, da abin da hannunsa ke yi idan yana magana."

Wata ta kawo kwandastan bas, wata ta kawo mai gyaran takalmi. Auta ba ta je ko'ina ba. Babanta masinja ne a wani ofis, shekara ashirin da biyu yana hawa da sauka da fayil a hammata. Mota ta buge shi a kan aike tun kafin a haife ta, ƙafarsa ta hagu ta gajarce, yana jan ta idan yana tafiya. Kuma duk lokacin da manaja ya kira shi a waya, ko a tsakar gida ne, ko da loma a hannu, sai ya miƙe tsaye, ya ɓalla maɓallin wuyan riga, ya cire hula, ya rusuna wa mutumin da ba ya ganinsa. "Ranka ya daɗe. Yanzu-yanzu, ranka ya daɗe."

Tun tana ƙarama wannan miƙewar ke ci mata rai. Da ta kwaikwaye ta a gaban aji, ta ɗauka wuri zai yi tsit, kowa ya ji abin da take ji. Ina! Har da mai faɗowa daga kujera. Malama ta share hawayen dariya ta ce, "Wannan shi ne wasa! Wa kika kalla?"

"Wani mutum ne a layinmu," Auta ta ce.

Kafin mako ya zagayo, Malama ta rubuta masinjan a cikin wasan jarrabawar fita, ta ba shi fitowa uku. Abin da Auta ba ta son tunawa shi ne tafin nan ya yi mata daɗi. Shekara biyu tana ɗaukar kujeru da riƙe wa wasu takarda a bayan labule, ranar ce aka fara kiran sunanta a gaba.

Ta yar da kwallin ta tafi neman Malama. Ta same ta durƙushe a dandamali tana sabunta alamun alli da ke nuna wa kowace inda za ta tsaya.

"Malama, a cire wurin wayar nan."

Malama ba ta ko ɗago ba. "Gyara gashin bakinki, ya karkace."

"Na ce a cire. Ko a cire ɗingishin."

"Mai duba jarrabawa yana zaune da kwafen wasan a hannunsa. Ku bakwai ne, makinku a haɗe yake. Me ya same ki?"

"Babana ne." Muryarta ta fita da ƙarfi fiye da yadda ta so. "Mutumin nan babana ne, kuma ga shi can a layi na uku."

Allin ya tsaya. Malama ta miƙe a hankali tana kakkaɓe hannu. "Me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Ke me ya hana ki tambaye ni dalilin da yake miƙewa? Dariya kika yi, Malama. Har hawaye kika share. Wata uku kina ce mini in ƙara rusunawa, in ƙara jan ƙafar, in jira su gama dariya kafin in ci gaba. Sau ɗaya ba ki ce, wannan bawan Allah me ya mayar da shi haka ba."

"Na tambaye ki wa kika kalla," Malama ta ce. "Kika ce wani mutum ne a layinku."

Gaskiya ce, kuma gaskiyar ce ta ƙara tunzura Auta. Ta so a ce Malama ta daka mata tsawa, ta sami wanda za ta ɗora wa laifin gaba ɗaya. Maimakon haka Malama ta dubi agogo, ta dubi 'yan mata shida da suka yi cirko-cirko cikin kayan aro, ta ce, "Ba zan tura ki da ƙarfi ba. Amma in babu masinja babu wasa, kin sani. Saura minti biyar."

Doguwa, cikin kwat ɗin manaja da ya yi mata yawa a kafaɗa, ta matso ta goge mata kwallin da ya ɓata kunci. "Ni tun ranar farko na gane," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na sha ganinsa a gidanku."

"Kika yi shiru?"

"Na ga ke ma kin yi."

Auta ta ji kamar ta fizge kwat ɗin ta yaga. Ta tsani ajin, ta tsani labulen mai warin ƙura, ta tsani wannan karatu da ke koya wa mutum ya zura wa nasa ido kamar ɓarawo, ya kwashe abin da ya gani ya kawo kasuwa. A cikin wannan tafasar ne dabara ta zo mata. Wurin wayar ba zai canzu ba, domin maganar Doguwa a kansa take hawa. Amma ƙafa tata ce. Za ta ɗingisa da ta dama. Masinjoji sun yi yawa a duniya, masu rusunawa sun fi su yawa. In ƙafar ba tasa ba ce, wataƙila ya ce wani ne.

Aka ja labule.

Tun takun farko ta gane ta yi wauta. Wata uku jikinta yana koyon hagu, ya san inda nauyi ke sauka da inda kafaɗa ke bi. Dama ba ta san komai ba. Tafiyar ta fito a karkace, ta wuce alamar allinta, ta yi tuntuɓe da ƙafar tebur, fayilolin suka watse. Zauren ya fashe da dariyar da ba a taɓa yi ba a wurin gwaji. Tafiyar Baba tafiya ce ta mutum mai ciwo da ya saba da ciwonsa. Wannan kuwa ta ɗan kama ce.

Wayar ta yi ƙara. Ta miƙe, ta ɓalla maɓalli, ta cire hula. "Ranka ya daɗe." Dariya ta sake tashi. Dokar Malama ita ce a dakata har dariya ta lafa. Auta ta ƙi. Ta ci gaba da magana a kan dariyarsu, tana jifansu da kalmomin ɗaya bayan ɗaya, haƙoranta a cije, ko za su ji kunya su yi shiru. Suka ɗauka wannan ma cikin wasan ne.

Ta rantse ba za ta dubi layi na uku ba, amma rana ce, tagogi a buɗe, kowace fuska a bayyane. Ido ya kuɓuce mata sau ɗaya. Baba ba ya dariya, ba ya kuma ɓata rai. Hannunsa yana kan wuyan rigarsa, yana taɓa maɓallin kamar yau ya fara sanin yana wurin.

An yi tafi har da tsayuwa. Mai duba jarrabawa ya kira ta gefe ya ce ya daɗe bai ga ɗaliba mai ido irin nata ba. Malama ta buɗe baki za ta yi magana, Auta ta raɓa ta gefenta ta wuce ba tare da ta cire kayan ba.

Yana jiran ta a bakin ƙofar makaranta, a inuwar katanga. Ya ciro hankici ya miƙa mata. "Uwata, goge gashin bakin nan kada a ce na haifi namiji ban sani ba."

Ta karɓa ta goge. "Baba, me ya kawo ka? Ba ka taɓa zuwa ba."

"An ce ke ce kan gaba. Na roƙi rabin yini aka ba ni." Ya gyara hula. "Kin yi ƙoƙari. Har maɓallin ma kin samo shi."

Kafin ta sami abin cewa wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Hannunsa ya tashi zuwa wuya, ya tsaya a hanya. Ya dube ta. Sai ya juya ya zaga bayan katanga, inda ba za ta gan shi ba, ya amsa a can. Shekara goma sha bakwai yana amsa wannan waya a gabanta ba tare da ya ɓuya ba. Ta tsaya da hankicin a dunƙule a hannu, ranta yana ƙuna, babu kuma wanda za ta huce a kansa sai kanta.

Ya dawo yana mayar da wayar. "Ana nemana a ofis. Ki wuce gida." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Abu ɗaya ne kawai, Uwata. Ta hagu ce."

"Na'am?"

"Ƙafar. Da ta dama kika yi. Tawa ta hagu ce."

Ta sani. Ita ke kai takalmin hagun nan wurin mai gyara duk bayan wata biyu a ƙara masa tudu. Ita ke dafa ruwan da yake gasa gwiwar idan ta tashi. Ta so ta ce masa: da gangan na canja, don kada ka gane. Amma in ta faɗa, ta gaya masa ke nan cewa ta san abin kunya ne tun kafin ta hau, kuma ta hau.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Ina fita kina shirin makaranta, ina dawowa kina karatu. Yaushe za ki lura? Amma na ji malamarku tana gaya wa iyaye cewa kallo take koya muku. To in a kan kallo za a ba ki maki, gara ki kalla daidai. Tsaya nan, kada ki biyo ni. Ki duba da kyau."

Ya kama hanyar tashar bas a hankali, a hankali fiye da yadda ya saba, yana jan ƙafar hagun a kan kwalta don ta gani.