A Bar Shi Ya Ƙarasa

Mai Guga yana da in'ina, irin wadda kan sa mai sauraro ya fara satar kallon agogo. Ya daɗe a ɗakin wanki na wani otal, kuma da yake guga ba ta son surutu, babu wanda abin ya dama. Sai ranar da rigar wani baƙo ta ƙone, aka ɗora masa laifin, aka sallame shi.

Dokar aiki ta ce irin wannan rigima gaban mai sasantawa ake kai ta, ma'aikaci ya shiga shi kaɗai, ba lauya, ba ɗan rakiya. Ya shiga, ya fito ba aiki. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da ya ji an kafa kwamitin gyaran dokar, ana neman masu ba da shaida, ya sa a ransa cewa in aka gyara, za a sake sauraron ƙararsa ya koma bakin aiki.

"Baban yara, ka bari in yi maka maganar," in ji matarsa a ƙofar zauren da kwamitin ke zama. "Kafin ka gama sallama sun tashi."

Ya girgiza kai. Ita kuwa bakinta ko cikin barci ba ya hutawa, amma ta bi shi ta zauna a bayansa.

Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai tabarau, ta ba shi izini. Ya kama bakin tebur.

"Ranki ya daɗe, ri-ri-rigar nan, ni na..."

Kalmar ta maƙale. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kai ka ƙona ta," shugabar ta ƙarasa masa cikin tausayi. "Mun gane, Malam. Ci gaba."

"A'a!" Wannan kam ta fito sumul. Sauran ya jawo su ɗaya bayan ɗaya, gumi na keto masa. "Ni na ts-tsince ta a ƙone. Haka m-mai sasantawa ya yi mini. Ya ƙarasa mini, ya rubuta na amsa l-laifi. Babu wanda zai ce masa ya jira."

Shugabar ta cire tabarau, kunya ta rufe ta. Ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Ka gafarce ni, Malam. Kuma ba zan ɓoye maka ba: ko an gyara dokar an yarda da ɗan rakiya, ba za ta waiwayi shari'ar da aka gama ba. Taka ta wuce."

Aikin dai ya tafi ke nan. Matarsa ta jawo gefen rigarsa.

"Taso mu tafi, Baban yara. Me ya rage?"

Bai tashi ba. A ɗakin wankin nan akwai wata kurma mai ninke zannuwan gado, akwai tsohon da ko gaban manaja ba ya iya ɗaga kai. Wata rana su ma za a rufe musu ƙofar mai sasantawa su kaɗai.

"Ban g-g-gama ba," ya ce.

Wani ɗan kwamiti ya buɗe baki zai taimaka, shugabar ta ɗaga masa hannu. Mai Guga ya gyara zama, ya ja numfashi, ya koma kan kalmar farko.